Gidan kiwon ɓerayen da na sayi na aikina, ga yadda muka kwashe

Tun da na gama aikin digirina na biyu yara 'yan bayanmu ke ta tambayata ina na samo ɓeraye kuma ya wurin yake, to bari in faɗa sau ɗaya in huta. Gidan dabbobin gwaji ne na wata jami'a nan arewa, ba zan kama suna ba.

Aikina kan Staphylococcus aureus ne, bakteriyar nan mai kawo maruru da ƙuraje masu mugunya. Za ka aske bayan ɓera, ka tsira masa allurar ƙwayoyin a ƙarƙashin fata, wajen miliyan 10 a ɗan ruwan da bai wuce ɗigo biyu ba, kullum ka auna faɗin ƙurjin, a ƙarshe a yanki fatar a ƙirga ƙwayoyin da suka rage a duba yadda nutrofil suka taru, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke fara isa wurin cikin 'yan awanni. Ka ga ke nan fatar ita ce komai, ko ƙwarzane ba a so.

Gaskiya wurin da tsafta. Na shiga ban ji zarnin nan mai sa hawaye ba, dusar katakon keji a bushe take, ruwansu a kwalba. Ɓerayen 'yan sati 6 zuwa 8, na ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya duk tsakanin giram 20 da 25 kamar yadda na nema. Kuma sai da na nuna takardar kwamitin da ke ba da izinin gwaji da dabbobi kafin aka ba ni ko ɗaya, wannan ya burge ni. Sannan akwai wani dattijo mai kula da su, Baba muke ce masa, Allah ya saka masa, da ya ga hannuna na rawa ya ce "ɗana ba haka ake yi ba, kama gindin wutsiyar, ka bari ya riƙe murfin kejin, sannan ka tattaro fatar ƙeya." Minti biyar na iya abin da na yi sati ina kallo a YouTube.

Amma fa an yi min ta'asa. Maza 30 na ce a ba ni, ashe daga keji daban daban aka tsinto su aka zuba min a kwali ɗaya, ranar Baba ba ya nan wani yaro ne ya haɗa. Mazan ɓeraye in ba tare suka tashi ba faɗa suke kamar zakaru, kuma ina suke cizo? Baya da gindin wutsiya, daidai inda zan yi allura. Ina cikin ba su satin hutun nan na sabawa da sabon wuri, rana ta uku na ɗaga wani na ga ɓawon ciwo a bayansa, na duba sauran sai ga guda takwas haka, wani har ya fara ruwa. Fatar da ta riga ta kumbura nutrofil sun cika ta, me za ka auna a kanta? Malamina kallo ɗaya ya yi ya ce a fitar da su. An canza min ba a karɓi ko sisi ba, wannan kam sun kyauta, amma sati biyu sun tafi da kuɗin abinci da na mota.

Na biyu maganar iri. Na tambaya BALB/c ne ko Swiss albino, aka ce min ai farare ne. Haba jama'a, duk biyun farare ne! BALB/c an daɗe ana haɗa 'yan uwa har suka zama kusan abu ɗaya, Swiss kuwa kowa da gadonsa, shi ya sa ƙurjin wani zai yi girma na wani ya tsaya ƙarami alhali allura ɗaya aka yi musu. Sai da Baba ya tono wani tsohon littafin rajista muka ga Swiss ne, dole na ƙara yawan kowane rukuni. Da ma can ɓera ba mutum ba ne, nutrofil ɗinsa ba su wuce kashi 10 zuwa 25 na fararen ƙwayoyin jini ba, namu kuwa 50 zuwa 70, kuma gubar PVL da wasu nau'in Staph ke fitarwa ba ta cin nutrofil na ɓera yadda take cin namu. Ranar kare aiki sai an tambaye ka wannan, ina ga a ce ko irin ɓeranka ba ka sani ba.

Zan koma? E, zan koma, amma mata zan saya ko mazan da suka tashi keji ɗaya, in tsaya a kai a zaɓa a gabana, in busa gashin bayan kowanne in ga fatar da idona. Kuma da asuba zan ɗauko su, don zafin motar haya da rana ba abin da ɓera zai jure ba ne. In za ku je ku fara kira ku ji ko Baba yana nan.