Kwana biyu a Fokara kafin hawan Annafurna: abin da masaukin ya biya da abin da bai biya ba

Fokara, birnin bakin tafkin Fewa a ƙasar Nefal, nan ne zangon masu jakar goyo kafin su nufi sansanin gindin dutsen Annafurna ko tsaunin Poon Hill. Wannan sharhi a kan ƙananan masaukai ne na unguwar Lakeside, bayan kwana biyu a ɗayansu. Sun cancanci kuɗinsu, amma ba don dalilin da ake yawan faɗa ba, wato saba wa jiki da ƙarancin iskar tsauni.

Daga Katmandu kusan kilomita 200 ne, sai dai hanyar kwana-kwana ce a gefen duwatsu, bas kan ci awa 7 zuwa 9, ya wuce haka idan ƙasa ta zaftare. Jirgi kuwa minti 25 ne. Wanda ya zo ta mota yana sauka ne da ciwon baya, don haka kwana ɗaya ba ya isa: daren farko na warware gajiya ne, yini na biyu na takardu da kaya.

Takardar shiga gandun Annafurna, wadda ake kira ACAP, rupi 3,000 muka yanke ta a ofishin hukumar yawon buɗe ido da ke Damside. A tafi da fasfo da hotuna da tsabar kuɗi. Masaukin zai ce ya karɓo maka, ya ɗora ladansa, alhali aikin bai fi na safiya ɗaya ba. Tun Afrilun 2023 Nefal ta shardanta ɗaukar ɗan jagora mai lasisi a irin waɗannan hanyoyi. Idan masaukin ne ya haɗa ku, nemi ganin lasisin, kuma ku zauna da shi tun a gari ku tsayar da wurin kwana na kowane dare.

Inda masaukan suka fi burgewa shi ne ajiyar kaya. Ana barin babbar jaka a ɗakin ajiya har a dawo, yawanci kyauta ga wanda zai sake kwana. A sa mata kwaɗo, a karɓi shaidar ajiya. Abin da za a goya kada ya wuce kilo 8 zuwa 10, domin matakalar dutse ta ƙauyen Ulleri, a hanyar Poon Hill, ta haura taki 3,000, kuma a can ne kowace riga ta banza take zama dutse a kafaɗa.

Shagunan hayar kayan tafiya sun cika titi, kuma nan ne ake cin kasuwar baƙo. Lambar sanyin da aka rubuta a jikin buhun barci ba abin dogaro ba ce, yawancinsu kwaikwayo ne. Shimfiɗa shi a ƙasa, ja zif ɗin sama da ƙasa sau uku, sannan ɗaga shi ga haske: duk inda haske ya ratsa, gashin ciki ya dunƙule, ta nan sanyi zai shiga. Takalmi kuwa ba a hayarsa, ba a kuma sayen sabo ana gobe tafiya. Bororo a diddige kan mayar da mutum gari.

Aibin masaukan biyu ne. Ruwan zafi da rana ake ɗumama shi, da yamma akwai, da asuba sai a hankali. Ɗakin da ke kallon babban titi kuma yana shan kiɗan gidajen abinci har dare. A nemi na baya, a bene na sama. Idan gari ya waye babu gajimare, ƙololuwar dutsen Machapuchare mai tsayin mita 6,993 tana tsaye a taga, ma'anar sunan kuwa wutsiyar kifi.

Sai babban kuskuren. Wasu na zaton zaman Fokara yana saba wa jiki da ƙarancin iskar sama. Ina! Birnin bai kai mita 900 ba, sansanin Annafurna kuwa 4,130 ne, kuma ciwon kai da tashin zuciya na tsauni daga wajen mita 2,500 suke somawa. Sabon a kan hanya ake yinsa: bayan mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Abin da garin ke bayarwa shi ne gwaji. Haye tafkin a kwalekwale, ka hau zuwa farar hasumiyar Shanti Stupa da cikakkiyar jakarka da takalmin tafiyar. Awa ɗaya ta isa ta nuna maɗaurin da ke cizo.

Ciki ma a kiyaye shi. Ɗanyen ganye da ƙanƙara a bar su sai an dawo, a tsaya ga dal bhat mai zafi, wato shinkafa da romon wake da ganye dafaffe. A ciri rupi isasshe, ƙananan takardu, domin babu ATM a hanyar sansanin, kuma caji da wanka duk da kuɗi ne a sama. A sayi ƙwayar tsarkake ruwa da gora biyu, tunda daga ƙauyen Chhomrong, a hanyar sansanin, an hana sayar da ruwan roba. Motar zuwa Nayapul, bakin hanyar, kusan awa ɗaya da rabi ce, a shirya ta tun da dare a kuma gama ciniki kafin a loda kaya.