Hattara da manhajojin da ke alƙawarin ribar kashi 1 cikin 100 kullum

Jama'a, da ɓacin rai nake rubuta wannan, domin abin a cikin gidanmu ya faɗo. Ƙanena ya rasa kuɗin da ya shekara uku yana tarawa. Da hannunsa ya tura su, yana murna, a zatonsa ya shiga kasuwar canjin kuɗi da ta kirifto, wato kuɗin intanet, kamar kowane mai zuba jari. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don kafin ku gama karantawa sun sake suna, sun sake launin manhaja, sun buɗe sabon zaure. Salon aikinsu ne ba ya canzawa, shi nake so ku riƙe.

Wani tsohon abokin karatunsa ne ya saka shi a wani zaure na WhatsApp. A ciki akwai wanda suke kira Malam, kullum da safe yana turo hotunan jadawalin kasuwa, jan layi da kore, yana cewa suna da wata na'ura mai basira da ke saye da sayarwa dare da rana, ba ta taɓa faɗuwa, kuma duk wanda ya zuba kuɗi zai riƙa samun kashi 1 cikin 100 kowace rana. Ƙanena bai yi gaggawa ba. Ya ce bari ya gwada da kaɗan, ya sa dala 100. Bayan kwana goma manhaja ta nuna masa 110. Ya danna wurin cirewa, ko minti biyar ba a yi ba kuɗi suka shigo asusunsa, uwa da riba.

Ina tuna daren da ya same ni ya miƙo mini wayar, hannunsa har rawa yake. "Yaya, ka gani da idonka, sun biya. Ɗan damfara yana biya ne?" A lokacin ban iya ba shi amsar da za ta tsayar da shi ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amsar ita ce e, yana biya. Wannan biyan na farko shi ne jarin ɗan damfara, shi ne tsutsar da ke bakin ƙugiya. Dala 10 da aka ba ƙanena ba daga wata kasuwa ta fito ba, daga aljihun wanda ya shigo bayansa aka ɗebo ta. Da ita aka sayi amincinsa, kuma da ita aka saye shi ya zama mai talla, don a makon ya kawo mutum biyu, aka ba shi la'ada a kan kowanne.

Wannan dabara ta haura shekara ɗari. A 1920, a birnin Boston na Amurka, Charles Ponzi ya yi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana cewa yana sayen takardun biyan kuɗin wasiƙa da araha a wasu ƙasashe yana canza su a Amurka. Na farko-farko ya biya su cif, da kuɗin na baya. A watan Agusta na shekarar ginin ya rushe, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan nau'in zamba. BitConnect, wani dandalin zuba jari na kirifto wanda ya rufe a Janairun 2018, da wannan tatsuniyar ta na'ura mai ciniki ya tara mutane, kuma ribar da ake yayatawa a kansa kusan kashi 1 ɗin nan ce a kullum.

Ku zo mu yi lissafi, don a nan ƙaryar take tsirara. Kashi 1 kamar ba komai ba ne a kunne, shi ya sa suka zaɓe shi. Amma idan ana mayar da ribar kan uwar kuɗi kullum, kamar yadda suke kwaɗaita wa mutane, dala 100 za ta koma kusan 3,800 a shekara ɗaya. A shekara biyu ta wuce 140,000. A shekara biyar ta haura dala biliyan 7. Mutumin da ke riƙe da na'ura irin wannan, me zai yi da ɗari ɗinka? Me zai sa ya kwana yana roƙon baƙi a zaure? Warren Buffett, wanda duniya ta sallama wa a harkar zuba jari, abin da kamfaninsa ya riƙa samu a tsawon shekaru gommai kusan kashi 20 cikin 100 ne a shekara, kuma akwai shekarun da ya yi asara. Kasuwa ta gaskiya tana hawa tana sauka. A 2008 ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500 ya zubar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajarsa. Duk wanda ya ce maka ribarsa ba ta san faɗuwa ba, to ba a kasuwa yake ba.

Kada kuma wani ya ce wannan tarko na marasa ilimi ne. Bernie Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, kuma cikin waɗanda ya cuta akwai bankuna da gidauniyoyin agaji da manyan attajirai. Bai ma yi alƙawarin riba mai yawa ba, sai dai tasa ba ta tangarɗa, kasuwa ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. Wannan santsin ne ya sa wani mai nazarin harkokin kuɗi, Harry Markopolos, ya kai ƙorafi hukumar kula da hannun jari ta Amurka tun shekarar 2000, ba a ɗauki mataki ba. Asiri bai tonu ba sai a Disambar 2008, lokacin da masu kuɗi suka taso da yawa suna neman a ba su nasu. Takardun da yake aika wa mutane sun nuna kusan dala biliyan 65, alhali lambobi ne kawai a kan takarda. An yanke masa shekara 150, ya mutu a kurkuku a 2021.

Lambobin nan su ne suka cinye ƙanena. Bayan biyan farko ya zuba duk abin da ya tara, ya ƙara da rance. Kullum yana buɗe manhaja yana kallon adadi yana ƙaruwa, shi kuwa adadin wani ne ke zaune yana rubuta shi, kamar yadda zan iya rubuta miliyan a takarda in miƙa maka. Sai aka fito da garaɓasa: duk wanda ya kulle kuɗinsa na kwana 90 za a ninka masa riba. Ya kulle. Da wa'adi ya cika aka ce ana gyaran manhaja. Da aka gama gyara aka ce sai ya biya haraji na kashi 20 kafin a sake masa kuɗinsa. Ya ce a cire daga cikin ribar mana, aka ce doka ba ta yarda ba. Waɗanda suka yi tambaya a zauren aka fitar da su, aka ce masu hassada ne. Wata safiya zauren ya ɓace gaba ɗaya, har da Malam.

Sun kuma nuna masa takardar rajista daga Ingila, mai hatimi. Rajistar kamfani daban, lasisin karɓar kuɗin jama'a a juya daban. Ta farko ana yin ta a intanet cikin ɗan lokaci, na biyun kuwa hukumar kula da harkokin kuɗi ce ke bayarwa, kuma tana da jerin sunayen waɗanda ta ba, kowa zai iya dubawa. Ka shiga shafin hukumar da kanka, kada ka bi ta hanyar da suka turo maka, don har sunan kamfanonin gaskiya suna ara. Ka tambaye su wace haja ake saye, a wace kasuwa, wa ke ajiye kuɗin, wa ke binciken littattafansu. In amsar ta zama hoton mota da na mutanen da suka cire kuɗi, ka riƙe abinka.

Ga wanda ya riga ya faɗa, don Allah kada ka ƙara ko sisi da sunan haraji ko kuɗin buɗe asusu. Ka adana duk saƙonni da shaidar turawa, ka sanar da bankinka da wuri, ka kai rahoto ga hukuma, kuma ka faɗa wa waɗanda ka kawo gaskiya ko da kunya za ta kashe ka, tun kafin su ƙara zubawa. Ka kuma shirya wa zagaye na biyu. Kwana huɗu da ɓacewar zauren, wani ya kira ƙanena, ya ambaci sunansa da adadin da ya rasa ba kuskure, ya ce shi lauya ne mai dawo da kuɗin da aka sace, sai dai a fara biyan kuɗin aiki. Babu inda zai sami wannan adadin sai a hannun waɗanda suka karɓe shi. Wannan karon ina zaune kusa da shi, na karɓi wayar na kashe.