Kufan Dunnottar ya cancanci wuni guda, motar yawon da muka biya minti 50 ta ba mu

Wannan sharhi na iyayen da ke shirin tashi daga Kaduna zuwa Aberdeen ta ƙasar Sikotlan ne domin bikin yaye 'ya'yansu a jami'a. Da wuya ka je can yaran ba su ce, "Baba, sai mun kai ku Dunnottar" ba, kuma suna da gaskiya. Wurin kansa ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Kamfanin motar yawon buɗe ido da muka sayi kujeru a wurinsa shi ne abin magana, kuma ba zan kama sunansa ba.

Kada ka ji an ce fada ka kawo ginin Kajuru a ranka, mai rufi da ɗakunan kwana. Dunnottar kufai ne, kangaye ne na dutse a kan wani tsauni mai shimfiɗaɗɗen kai da ya kutsa cikin Tekun Arewa, tsawonsa kusan mita 50 daga ruwa. Teku ta kewaye shi ta kusan kowane ɓangare, wani siririn wuya ne kawai ya haɗa shi da ƙasa. Yana kudu da garin Stonehaven da kimanin kilomita 3, shi kuwa Stonehaven kusan kilomita 24 ne kudu da Aberdeen. Da ka bar wurin ajiye motoci ka bi 'yar hanyar ƙafa, sai ƙasa ta yanke a gabanka, ga gini can a tsaye kan dutse, igiyar ruwa na dukan gindinsa. Wallahi ko wanda bai damu da tarihi ba sai ya ce Subhanallah. Don wannan kallon kaɗai na so in ba tafiyar tauraro huɗu, domin motar tana da tsabta, ta tashi a kan lokaci, direban kuma mutum ne mai ladabi.

To amma ga lissafin da ba su yi mana ba. A tallarsu sun rubuta ziyarar Dunnottar. Sai da muka isa direba ya ce kowa ya dawo mota nan da minti 50, kuma kuɗin shiga ba ya cikin abin da muka biya. Da na koma kan takardar, can ƙasa da ƙananan haruffa aka rubuta cewa tsayawar ɗaukar hoto ce. Duk wanda ya san wurin ya san minti 50 ba ta isa shiga. Daga mota zuwa bakin gangare kusan minti 5 zuwa 10 ne. Daga nan matakala ce kusan 200, ka sauka har ka kusa kai gaɓar ruwa, sannan ka sake hawa zuwa ƙofar shiga. Bayan ƙofar ma hawa ne, ta wata matsattsiyar hanya mai daɓen duwatsu da ke bi ta ƙarƙashin gini, wadda da gangan aka yi ta haka don maharan da suka shigo su rasa inda za su juya. Mai lafiyar ƙafa zai ci minti 15 zuwa 20 kafin ya tsaya a filin sama, dawowa kuma ta fi wuya domin a ƙarshe ne dogon hawan yake jiranka. Cire minti 40 daga 50, saura 10. Me mutum zai gani a minti 10 a fili mai faɗin fiye da kadada 1 da gine-gine a warwatse?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dattawan da ke cikin motar. Akwai wata Hajiya mai ciwon gwiwa da aka sayar wa kujera ba tare da an ce mata uffan game da matakalar ba. Babu hanyar keken guragu a wurin, babu wata ƙofar da mota ke kaiwa, kuma wannan ba laifin masu kula da wurin ba ne, haka Allah Ya halicci dutsen, su ma sun bayyana hakan a shafinsu. Hakkin mai sayar da tafiya ne ya tambaya kafin ya karɓi kuɗi. Baiwar Allah ta tsaya a sama cikin iska, jikokinta na cewa, "Hajiya, ki zauna a mota mana," ita kuma ta ƙi, tana cewa ba ta taso daga Unguwar Rimi don ta kalli bayan kujera ba. Ko bargo ba a ba ta ba.

Kuma abin da ake rasawa a ciki ba kaɗan ba ne. Doguwar hasumiyar da ta fi komai fitowa a hoto iyalan Keith ne suka gina ta a ƙarshen ƙarni na 14, sauran gine-ginen galibi na ƙarni na 15 da 16 ne. A nan aka ɓoye kayan sarautar Sikotlan, wato kambi da sanda da takobi, lokacin da sojojin Ingila na Oliver Cromwell suka mamaye ƙasar a 1651. An yi wata 8 ana tsare da dutsen kafin masu gadi su miƙa wuya a 1652, amma da aka shiga ba a tarar da kayan ba: an riga an fitar da su a asirce an binne a ƙarƙashin daɓen cocin Kinneff, suka zauna can har 1660. Yanzu suna fadar Edinburgh. Akwai kuma ɗakin ƙasa da aka mayar kurkuku a 1685, inda aka cusa mutum 167, maza 122 da mata 45, saboda sun ƙi yarda sarki yana da iko a kan addininsu. Ɗakin yana da taga da ke kallon teku. Mutum 25 sun fita ta nan suka bi jikin dutse, 2 suka faɗa suka mutu, aka sake kama 15. In ka tsaya cikin ɗakin ka ƙiyasta yadda mutum 167 za su kwana a ciki kusan wata 2, jikinka sai ya yi sanyi. Wannan ɗaki yana can ƙarshen filin ta wajen teku, don haka mai minti 10 ba zai ma kai gare shi ba. Rufin da babu a yawancin gine-ginen kuwa, bayan tawayen da aka yi wa sarkin Birtaniya a 1715 ne aka ƙwace wurin daga hannun mai shi, aka sayar, masu saye suka kwashe duk abin da zai yi kuɗi.

Da na tuna duk wannan, tauraro huɗun nan sun koma biyu, ɗaya na direba, ɗaya na tsabtar mota.

Shawarata ka bar motar yawo. Hau jirgin ƙasa daga Aberdeen zuwa Stonehaven, bai kai minti 20 ba a yawancin jirage. Tashar tana ɗan nesa da bakin ruwa, don haka dattawa su ɗauki tasi kai tsaye zuwa wurin ajiye motoci, kuma a yi alkawari da mai tasin ya dawo, domin ba a samun mota a tsaye a can. Masu ƙarfi su gangara tashar kwale-kwale su bi hanyar ƙafa ta kan gaɓa, wadda ke wucewa kusa da ginin tunawa da mamatan yaƙi a kan tudu. Minti 40 zuwa awa guda ce, kuma ta nan ne ake ganin dutsen da kyau. Hanyar tana kusa da baki a wasu wurare, a riƙe hannun yara. A ware aƙalla awa 2 don ciki kaɗai.

Kafin ka fita da safe ka duba shafin wurin, domin in iska ta yi ƙarfi rufewa suke yi, kuma ana daina shigar da mutane tun kafin lokacin rufewa. Wanda bikin ɗansa ya faɗo a ƙarshen Nuwamba ko Disamba ya sani rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke, babu masallaci a kusa, sai a tafi da alwala da abin salla. Na bikin rani kuma yana iya haɗuwa da hazon teku mai tasowa farat ɗaya ya rufe dutsen gaba ɗaya, wanda ke da wuni a hannunsa zai jira ya washe, mai minti 50 kuwa ya biya kuɗin kallon farin hayaƙi. Babbar riga da silifas ba na wannan wuri ba ne: iska na cika rigar, duwatsun kuma santsi gare su in sun jiƙe. Takalmi mai roba a ƙasa, rigar da ke tare iska da ruwa, mata kuma a ɗaure mayafi da kyau ko a sa hijabi mai ɗan nauyi. In za a ci kifi da dankali a Stonehaven, a tambaya da wane mai ake suya, kuma ko akwai giya a ƙullin da ake tsoma kifin.

Na rubuta wa kamfanin cewa su sa maganar matakala da kuɗin shiga a saman tallarsu, su kuma mayar wa Hajiya ko da rabin kuɗinta. Amsar da ta zo ita ce an rubuta komai a sharuɗɗa.