Ormsby ko Grossman: wace fassarar Don Quixote za ka fara da ita?

Malam, ka ce kana son sanin tarihin adabin Sifen amma ba ka jin Sifaniyanci, sai dai ka bi ta Turanci, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin fassarar Don Quixote ta John Ormsby da ta Edith Grossman. Duka biyun na karanta, ga abin da na gani.

Ta Ormsby ta fito a 1885, kyauta take a shafin intanet na Project Gutenberg, ka sauke a waya ba ko sisi. Ta Grossman ta fito a 2003, sai ka saya, kuma ta haura shafi 900. In aljihu ne zai yanke hukunci, magana ta ƙare.

Amma buɗe shafin farko, inda Cervantes, marubucin littafin, ke lissafa abincin jarumin nasa. Ranar Asabar yana cin wani abu da ake kira duelos y quebrantos, kalmomin da ma'anarsu ta zahiri ita ce baƙin ciki da karaya, kuma har yau masana na ja-in-ja kan ainihin abin da ke cikin kwanon. Ormsby ya ce guntattakin abinci, ya wuce. Grossman ta ce ƙwai da ƙauracewa, ta ƙirƙiro abin dariya a madadin wanda ya ɓace. Tukunyar miyar kuwa Ormsby ya bar ta da sunanta na asali, olla, ita kuma ta mayar da ita Turanci. Haka suke tun daga farko har ƙarshe: shi yana bin sawun marubucin taki-taki da tsohon Turanci mai nauyi, ita tana son ka yi dariya a daidai inda mai karatu na 1605, shekarar da kashi na farko na littafin ya fito, ya yi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan Sancho Panza, baran Don Quixote, ya buɗe baki. Mutumin karin magana ne, yana jero su kamar tsohuwa a gidan biki, wasu ma ba su dace da wurin ba, har maigidansa ya ƙosa. A wurin Grossman suna gudu. A wurin Ormsby sai ka tsaya ka warware Turancin tukuna, kafin nan dariyar ta huce.

Inda Ormsby ya yi zarra shi ne gabatarwarsa. Ya bi masu fassara da suka gabace shi ɗaya bayan ɗaya, tun daga Thomas Shelton na 1612, sannan ya kawo rayuwar Cervantes: yaƙin Lepanto na 1571 inda hannunsa na hagu ya nakasa, da shekara biyar da ya yi a tsare a Aljeriya. Ga mai neman tarihi, wannan kaɗai ya isa dalilin saukewa.

Akwai wurin da nake so ka lura da shi ko wacce ka ɗauka. A babi na 9, mai ba da labarin ya ce ya tsinci ragowar littafin a kasuwar Toledo, rubuce da Larabci, wai aikin wani masanin tarihi Balarabe mai suna Cide Hamete Benengeli, ya nemi wani daga zuriyar Musulmin Andalus ya fassara masa a kan ladan zabibi da alkama. Kalmar da Cervantes ya siffanta mutumin da ita, aljamiado, tushenta ɗaya da ajamin da muke rubuta Hausa da shi. Ormsby cewa kawai ya yi mai jin Sifaniyanci, Bahaushen da ya dogara da Turancin ba zai taɓa sanin ya gifta ta ƙofar gidansu ba. Shi kansa Cervantes ya faɗa a kashi na biyu, na 1615, cewa karanta fassara kamar kallon darduma ne ta baya, ana ganin siffofin amma zare ya rufe su.

Ni dai shawarata, karanta Grossman, ka ajiye Ormsby a waya don gabatarwar da kuma duba duk wurin da ka yi shakka. Kafin ka shiga ma, fara da Lazarillo de Tormes na 1554, labarin yaron da yunwa ta koya wa wayo a hannun ubangidansa makaho. Ɗan ƙaramin littafi ne, kwana biyu ka gama, kuma zai nuna maka irin Sifen ɗin da Cervantes ya tashi a ciki.