Auta, ga labarin jitar da na yi maka alkawari

Assalamu alaikum, Auta. Ina fatan kana lafiya, da Umma da Baba da su Yaya duka. Saƙonka ya iso, kuma ban manta da alkawarin jitar nan ba. Ka tambaye ni wacce ta fi dacewa da mai koyo, mai ƙoƙo wadda ake kaɗawa haka nan, ko mai lantarki. Ban so in ba ka amsa da ka ba, shi ya sa na ware Asabar biyu na zaga shaguna.

A nan Landan akwai wani gajeren layi, Denmark Street, dab da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Tottenham Court Road. Shagunan jita ne a jere, kamar 'yan atamfa a Kantin Kwari, sai dai layin bai fi ka taka shi cikin minti biyu ba. Kana shiga, yaron shago zai sauko maka da wadda ka nuna, ya jona ta, ya ba ka kujera, ya koma harkarsa. Ka yi rabin awa kana kaɗawa ka fita ba ka saya ba, ba mai hararar ka. Farashi kuwa a rataye yake a wuyan kowacce, babu tayi, babu albarka. Nan kam na yi kewar gida, domin a wurinmu idan aljihu ya gaza, baki yana cike giɓin.

Da niyyar sayen mai ƙoƙo na je. Ta fi araha: Yamaha F310, wadda masu koyo da yawa ke farawa da ita, tana tsakanin fam 120 zuwa 150, kuma ba ta buƙatar komai, ka ɗauka ka zauna a zaure ka kaɗa. Mai lantarki ta masu farawa, irin Yamaha Pacifica ko Squier ta kamfanin Fender, sai ka tanadi fam 200 ko sama da haka, ga kuɗin amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da waya a kai. Sannan na tuna halin wutarmu. A raina na riga na yanke hukunci.

Wani dattijo mai gyaran jita ne ya sauya mini tunani. Ya miƙo mini guda biyu, ya ce in danne tsirkiya a kowacce. Ta mai ƙoƙo kauri gare ta, a ɗaure tamau, tana cin yatsa. Ta mai lantarki siririya ce, da ɗan taɓawa ta kwanta, domin ba ƙarfin tsirkiyar ke fitar da sauti ba, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta ne ke ɗaukar motsinta ya aika wa lasifika. Nan take na tuna lokacin da nake makaranta, na ari jitar wani abokina na yi sati uku ina fama, yatsuna suka kumbura, na ajiye, na ɗauka ni ne ba ni da baiwa. Sai a gaban dattijon nan na gane cewa tsirkiyoyin waccan jitar ne suka yi nisa da wuyanta. Ba na so irin haka ta same ka, Auta. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Wannan shi ne babban bambancin da na gani tsakanin nan da gida. Ba wai kayan ba ne, domin jita mai kyau tana shigowa Legas, tana isowa Sabon Gari. Aikin da ke bin kayan ne muke da ƙarancinsa. A nan sana'a ce guda: mutum ya karɓi sabuwar jita, ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyanta har ya miƙe daidai, ya sauke tsirkiyoyi su dawo kamar milimita 2 daga ƙarafan tsakiyar wuya, ya goge bakin duk ƙarfen da zai iya yankar hannu. Wajen fam 50 ake biya. Da farko na ga kamar tsada, amma da na riƙe jitar da aka yi wa aikin da wadda aka ciro daga kwali, sai na ga kuɗin bai tafi a banza ba. Jita mai araha da aka saita ta fi mai tsada da ba a taɓa ba daɗin hannu.

Sai maganar hunturu, wadda mutanen nan ba su san ta ba, ni na kawo ta. Masu ƙera jita suna so a ajiye mai ƙoƙo inda danshin iska yake kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Kano kuwa a watan Janairu yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Ka san yadda ƙofar ɗakin Umma take tsukewa a lokacin sanyi, ta kumbura da damina. To fuskar jita mai ƙoƙo katako ne ɗan siriri, bai fi milimita 3 ba, ga tsirkiyoyi shida suna jan sa dare da rana. Wanda aka yi da katako sak shi ya fi saurin tsagewa, wanda aka manna siraran katakai hawa-hawa irin na F310 ya fi juriya. Mai lantarki gangar jikinta gungume ne, ba ta da wannan fargabar sosai, ko da yake ita ma wuyanta yana motsawa, don haka a jakarta za ta riƙa kwana, ba jingine da bango ba.

Matsalar wuta ma ashe tana da magani. Akwai wata 'yar na'ura, Vox amPlug, girmanta bai fi kwalin ashana biyu ba. Kana cusa ta a jikin jitar, ka sa iyafis, ƙananan batura biyu take ci. Kai kaɗai za ka ji abinka, ko da tsakar dare ne, Baba ba zai ji komai ba sai ɗan ƙyas-ƙyas. Idan ka ƙware ka so babbar amfilifaya, ta Ingila tana aiki a gida ba tare da wani sauyi ba, wutarmu ɗaya ce, bolt 230, filogin ma mai ƙafa uku ne. Ta Amurka ce kada ka yarda da ita, tasu 120 ce. Kowacce ce dai, sai da sitabilaiza.

Ban kuma manta abin da ya ja ka ba. Kiɗan mutanen Agadas kake sauraro, su Bombino, kuma wancan sautin mai kuka da ke tashi a bukukuwansu na lantarki ne. In na turo maka mai ƙoƙo za ka yi ta neman sa ba ka samu ba, zuciyarka ta yi sanyi.

Saboda haka Pacifica na saya, baƙa. Dokar nan ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya in ya ga aibi a karɓi kuɗinsa, amma da zarar ta sauka Kano wannan damar ta wuce, shi ya sa zan riƙe ta wata guda ina gwadawa, sannan in kai wa dattijon ya saita. Zan haɗo da tsirkiyoyi saiti uku, da 'yar na'urar saita sauti. Ka riƙa goge tsirkiyoyin da ƙyalle duk lokacin da ka gama, gumi ke sa su tsatsa. Yatsunka za su yi zafi sati biyu ko uku kafin su yi kanta, kada ka tsorata.

Wani abokin aikina zai zo gida kafin Babbar Sallah, shi zai taho da ita. Amma ka fara sanar da Baba da bakinka tun yanzu, kada ya gan ta kwatsam. In ya nuna damuwa ka faɗa mini, zan kira shi da kaina. Ka gaishe da Umma, ka ce mata yajin da ta aiko ya iso.