Na kwalta, na daji, ko mai cin tudu biyu: wane babur za ka saya?

Duk wanda ya taɓa hawa babur da sassafe, hanya ta miƙe fetal, iska na dukan ƙirjinsa, ya san abin da ke jan mutane zuwa ga wannan abin hawa. A mota ta gilashi kake kallon duniya. A kan babur kuwa kana cikinta tsundum: ka shaƙi ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa, ka ji sanyi ya ratsa ka da zarar ka gangara kwari, kuma da jikinka kake shan kwana. Wannan daɗin ne yake rufe wa mai saye ido. Sai mutum ya je wurin dillali da mafarkin wata doguwar tafiya a ransa, ya dawo da babur ɗin da bai dace da hanyar da yake bi kullum ba.

Saboda haka kafin a zo maganar kamfani ko girman inji, ka zauna ka ƙirga tsakaninka da Allah. Cikin tafiya goma da za ka yi, nawa ne a kan kwalta, nawa a kan burji, nawa kuma a inda babu hanya sam? Wannan lissafin shi zai raba maka gardama.

Idan tara cikin goma kwalta ce, babur ɗin titi ne naka. Akasarinsu tayoyinsu inci 17 ne gaba da baya, masu faɗi, masu manne wa kwalta, sirdin kuma bai cika wuce santimita 80 da kaɗan ba, don haka ƙafarka za ta taka ƙasa sosai idan ka tsaya. A ƙasan layinsu akwai ƙananan baburan zirga-zirga irin su Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100. Babu abin hawa mai inji da ya kamo shi a yawa, dalili kuwa a fili yake: ba ya shan mai, ba ya ba da wahalar gyara. A tsakiya akwai masu inji cc 300 zuwa 500 (cc shi ne ma'aunin girman inji), waɗanda ni a ganina su ne daidai wa daida ga mai son gari da babbar hanya. A can sama kuma ga baburan gudu masu cc 1000, masu ƙarfin doki kusan 200 a jikin da nauyinsa yake wajen kilo 200. Irin wannan yakan kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa uku ko makamancin haka. Ina roƙon duk sabon hannu ya kau da kai daga gare shi. Ɗan murɗa totur ɗin da ƙaramin babur zai yafe maka, shi ba zai yafe ba.

Hatsarin kwalta shi ne ba kai kaɗai ba ne a kanta. A 1981 Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a kan haɗurran babur 900 a yankin Los Anjalas. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a biyu cikin uku na irin wannan karon, ɗaya direban ne ya shiga gaban mai babur alhali hanyar ta mai babur ce. Abin da direbobi suka fi faɗa shi ne ba su gan shi ba. Shekaru sun ja, amma mahaɗar hanya tana nan a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da suka fi cin masu babur: mota ta taho daga gabanka, ta karya kwana ta gitta maka. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka suna nuna cewa idan aka yi tafiya mai nisa ɗaya, yiwuwar mutuwar mai babur ta ninka ta wanda ke cikin mota fiye da sau 20. Ka ƙara da lissafin gudu. A kilomita 100 cikin awa kana cinye kusan mita 28 duk daƙiƙa, kuma idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take sau huɗu.

Shi ya sa ba na ba kowa shawarar babur ɗin titi marar ABS in dai da hali. Na'ura ce da ke hana taya daskarewa idan ka damƙi birki a firgice. BMW ce ta fara sa ta a babur a 1988, Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin samfuran da suka haura cc 125 daga 2016, Indiya ma ta bi sahu. Ranar da yaro zai faɗo maka titi a kan kwalta mai santsi, hannunka ba zai tsaya tunani ba, damƙa zai yi.

Babur ɗin daji zalla wata halitta ce daban. Tayar gaba inci 21 ce, siririya, don ta haye dutse da saiwa da rami. Tayoyin masu manyan haƙora ne da ke cizon ƙasa. Shokazoba tana lotsawa har wajen santimita 30, fiye da ninki biyu na ta babur ɗin titi, sirdin kuma yakan kai santimita 95, nauyi kuwa kilo 100 da 'yan kai. Daɗinsa sai wanda ya hau: kana tsaye a kan matakai, gwiwa a ɗan lanƙwashe, babur na rawa a ƙarƙashinka kai kuma idonka na can nesa. Sai dai ka san abin da kake saya. Wanda aka ƙera don tseren fili ba shi da fitila, ba madubi, ba wurin lamba, doka ba ta yarda ya hau titi ba, sai ka nemi abin da zai ɗauke shi zuwa wurin hawa. Tankinsa lita shida ko bakwai ne. Canjin baƙin mai da awoyi ake ƙirga shi, ba da dubban kilomita ba, matatar iska kuma wanki take so bayan duk ranar ƙura. Wanda bai son zama da sifana a hannu, kada ya kusanto shi.

A daji faɗuwa ba ta da makawa. Za ka faɗi, kuma sau da yawa. Galibi a ƙaramin gudu ne, ka tashi ka kakkaɓe jiki. Amma ƙashin kafaɗa da wuyan hannu da haƙarƙari da gwiwa su ne ke biyan bashin, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne nisa da mutane. Karayar da a gari za a kai ka asibiti cikin rabin awa, a daji za ta iya barin ka kwance cikin rana, ruwa ya ƙare, waya babu sabis. Kada ka shiga kai kaɗai, kuma ka bar wa wani labarin inda ka nufa da lokacin da ya kamata ka dawo.

Yawancin masu tambayata dai so suke su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Baburan da ke haɗa kwalta da daji sun daɗe. Yamaha ta fito da DT-1 a 1968, sannan XT500, wanda Cyril Neveu ya ci gasar Faris zuwa Dakar ta farko, tseren da ya ratsa hamadar Sahara, a kansa a 1979. A 1980 BMW ta kawo R80 G/S, haruffan nan biyu na nufin daji da titi a Jamusanci, Hubert Auriol kuma ya ci Dakar a kan BMW a 1981 da 1983. Daga nan ne manyan baburan yawon duniya suka samo asali, kuma hotunan hamadar nan su ne har gobe ake tallata su da su.

To amma duba sikeli. Honda CRF300L wajen kilo 140 ne. Suzuki DR650 bai kai 170 ba. Kawasaki KLR650 na yanzu da Yamaha Ténéré 700 sun ɗan haura 200. BMW R1250GS Adventure, mai tankin lita 30, kilo 268 ne, tun ba a ɗaura masa akwatuna ba. Dukansu sunansu masu bin ko'ina, amma ba ɗaya suke ba.

Na gane haka ne ranar da na shiga busasshen rafi da wani babban babur na aro. Yashin ya fi yadda na zata laushi. Tayar gaba ta nutse, kan ya karkace, tsoro ya sa na saki totur, abin da bai kamata a yi a yashi ba ke nan, sai ga mu a ƙasa. Ban ji ciwo ba. Na juya masa baya, na kama kai da ƙarfen baya, na tura da ƙafafu kamar yadda aka koya mini. Ƙafafuna suka yi ta nutsewa, babur ko gezau. Fetur na ɗiga daga murfin tanki, salansa na ƙara tsit-tsit saboda zafi, gumi na shiga mini ido a cikin hular kwano. Sai da na kwance kaya duka, abokin tafiyata ya dawo ya kama mini, sannan ya tashi. Shi a kan ƙaramin mai cc 250 yake, ya faɗi sau biyu a wurin, kowane karo da kansa ya ɗaga ya wuce. Tun ranar, nauyi nake fara tambaya kafin ƙarfin inji.

Wannan ba ya nufin manyan ba su da rana. Idan tafiyarka ta ɗaruruwan kilomita ce a kwalta, da goyo da kaya, burji kuma jefi-jefi, babu kamarsu: gilashin tare iska, sirdi mai taushi, tanki mai kai ka nesa. Ƙaramin kuwa a babbar hanya zai gajiyar da kai, inji na kuka, iskar manyan motoci na kaɗa ka, sirdi siriri kamar katako. Amma ga sabon mahayi mai rabin kwalta rabin ƙasa, ƙaramin nan mai cc 250 zuwa 300 nake zaɓa masa ba tare da wani kokwanto ba. Zai koya a kansa, ya faɗi da shi, ya ɗaga shi, kuma gyaran ɓarnar ba zai karya shi ba. Ka dai tabbatar ABS ɗinsa ana iya kashe ta, aƙalla ta baya, domin a kan tsakuwa da gangara mai zamewa takan saki birki daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ka kuma tuna taya mai manyan haƙora tana saurin cinyewa a kwalta, riƙonta kuma raguwa yake idan an yi ruwa.

Kuɗin kayan kariya cikin kuɗin babur yake, ka ware shi tun farko ko da zai sa ka sauko zuwa ƙaramin samfuri. Nazarin Cochrane, ƙungiyar masu tantance binciken lafiya, da ya tattara bincike da dama ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Ka nemi mai rufe haɓa, mai tambarin gwaji irin ECE 22.06 ko DOT ko Snell, wadda ta kama kanka ba ta juyawa, ka kuma riƙa ɗaure igiyarta. Wadda ta taɓa shan bugu a haɗari ta gama aiki ko da ba ka ga tsagewa ba, don haka kada ka sayi ta hannu. Sai safar hannu, da riga da wando masu matashin gwiwa da kafaɗa da baya, da takalmi mai rufe idon sawu. Na daji ya zama dogo mai tauri har ƙwauri.

Idan na hannu za ka saya, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa, sannan a kunna a gabanka ka ga irin hayaƙin da zai fitar. Ka leƙa ƙarƙashin inji ko dutse ya lotsa shi. Ka shafa ƙarafunan shokazobar gaba ko mai na tsiyaya. Ka dubi haƙoran da sarƙa ke bi, in sun yi tsini ko sun karkata sun gama. Ka gwada lambar da ke jikin firam da ta takardu, harafi da harafi. Daga nan ka hau, ka ga ko ƙafarka na kaiwa ƙasa. In kuwa daji za ka kai shi, ka roƙi mai shi ya yarda ku kwantar da shi a hankali a kan ciyawa ko tsohon bargo, ka gwada ɗaga shi kai kaɗai kafin a yi maganar ciniki.