GARGAƊI: Miliyan 7.2 na biya, ashe tsohuwar motar haya ce aka yi wa ado

Jama'ar Zariya masu sha'awar tsofaffin motoci, ku yi hattara da wani dillali da ke yawo da hotunan Peugeot 504 fara a WhatsApp yana cewa motar gasar tsere ce ta asali. Ni ya ci. Naira miliyan 7.2. Miliyan bakwai da dubu ɗari biyu, a kan motar da bakanikena ya ce ko miliyan ɗaya da rabi ba zai ba da ba.

Kafin wani ya zo yana cewa ina hankalinka yake, ni ba baƙon 504 ba ne. A cikinta na koyi tuƙi. Na san a Kaduna aka fara harhaɗa ta a 1975, na san a 1975 ɗin ne Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504, a 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas ya ci ta da 504 mai ƙofa biyu, mai injin V6. Duk wannan mutumin ya sani, har ya fi ni iya jero su. Da ya ce min mai ƙofa biyun ce aka haɗa a Kaduna, da nan take na kama shi, don jikin waccan a Italiya kamfanin Pininfarina ya ƙera. Bai yi wannan wautar ba. Cewa ya yi salun ce, wato mai ƙofa huɗu, wani Bature ya shigo da ita don tseren Argungu, ya bar ta a hannun direbansa da zai koma gida.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da muka fara haɗuwa wajen Kwangila. Na zaro waya zan tura masa kafin alƙalami, ya riƙe hannuna. "Haba Alhaji, bar kuɗinka. Ɗauki makulli ka zaga, sai ranka ya kwanta." Ya riƙe hannuna fa! Wane ɓarawo ne ake miƙa masa kuɗi ya ce a'a? Na tuƙa ta har Samaru na dawo, ƙararta kamar ta tsage titi, ashe salansa kawai suka huda. Muka yi La'asar sahu ɗaya. "Bar kuɗinka, Alhaji." Har yanzu ina jin muryarsa.

Miliyan 5 na fara turawa, sauran 2.2 ranar da ya kawo takardu. A'a, takardun ma sun biyo baya ne, bayan na gama biya, wani yaro ya kawo su a leda. Kwafi ne duka, ya ce na asalin suna wurin iyalan direban a Birnin Kebbi.

Asiri ya tonu ne a gareji a Sabon Gari, birki kawai na kai a duba. Bakaniken, dattijo ne da ya tsufa a kan Fijo, ya ɗaga bonet ya yi shiru. Ya kira yaronsa ya kawo mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika, ya ɗora a ƙofar baya, ya zame ya faɗi ƙasa. Fila ce zalla, abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsa da shi. Ya kankare gefen but da sukundireba, sai ga koren fentin haya a ƙarƙashin farin. Farantin lambar mota na cikin bonet, ƙusoshinsa sababbi fil suna ƙyalli, lambar da aka buga a jikin ƙarfe kuwa an goge wurin da giranda an sake bugawa, wata ta hau wata ta sauka. Ƙarafan kariyar da ke ciki, waɗanda na fi alfahari da su, bututun ruwa ne aka yi wa baƙin fenti, ko a ƙasa ba a kafa su da faranti ba. Ya ce, "Alhaji, motar tsere ta gaskiya ana bin duk mahaɗar jikinta da ƙarin walda. Nuna min guda ɗaya a nan." A gaban yaran gareji ya faɗa. Fitilu huɗun gaba ne kaɗai na kirki, su ma ƙila daga Panteka.

Ba na ƙin motar da aka sake ginawa. Ka gyara tsohuwa, ka ce min ga abin da na canza, mu yi ciniki a kan haka. Amma ka ƙirƙiro mata Bature da direba da Argungu, ka karɓi miliyan 7.2?

Lambarsa a kashe tun ranar da na tura masa hoton koren fentin. Wanda ya haɗa mu ya ce shi ma a masallaci ya san shi. Na kai ƙara, ana kan bincike, shi ya sa ban sa suna ba tukuna. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki da bidiyon garejin duk suna nan, zan ɗora su da dare in na rufe lambobin asusu.

Ku je da bakanikenku kafin ku biya, ku haɗa lambar jiki da ta takarda, kar ku karɓi kwafi. Na ji yanzu wata Datsun yake tallatawa, ita ma wai ta wani Bature ce.